Motar da ke Haihuwar Esansi

"Ni Mumuni, in na kara kunne jikin mota, kahin ta yi tari na san abin da ta ci jiya. Su kansu Turawan da sunka ƙera ta, da sun san ina nan Tasawa, da ni za su riƙa aiko ma tambaya."

Haka yake buɗe hira kullum safiya a teburin mai shayi na bakin tasha, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. In ka taɓa ratsawa ta Tasawa ka ga wani siririn mutum, tabarau a goshi, sifana na leƙowa daga aljihun riga, yana tafe kamar iska za ta ɗauke shi amma yana taku irin na mai gari, to ka ga mutumin. Sunan yanka Mumuni, amma gari duka Na-Sani ake kiransa, don ba ka isa ka kai ƙarshen magana bai tare ka da "na sani" ba. An ce ranar da aka zo yi masa albishir matarsa Furera ta sauka, kafin a ce namiji ne ko mace ya riga ya ce ya sani.

Kada ka ɗauka ya taɓa zaman gareji. Masinja ne a ofishin wani proje na ayyukan tallafi, aikinsa kai takarda da dafa shayi, sai dai ya daɗe yana kallon direbobi daga inuwa suna buɗe kan mota. Da projen ya tashi aka yi gwanjon kaya, ya sayar da gonar gado ya sayi tsohuwar motarsu kat-kat, irin mai cin rairayin nan da ta girmi rabin mutanen unguwa. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, in ta tashi kajin maƙwabta sai sun watse. Amma fa tana tafiya, ba ramin da ke tare ta. Aibinta ɗaya ne: allurar mai. Ko ka cika tanki har ya zubo, allurar nan tana kwance a ƙasa kamar mai jinya. Direbobin tasha suka ce masa ya yi abin da kowa ke yi, ya zura karan gero a tanki ya ga inda ya jiƙe. Mumuni ya ce shi ya wuce ƙauyanci, don haka ya riƙa tafiya da ƙiyasi, motar kuma ta riƙa mutuwa inda ta ga dama.

Ana nan sai ga babban aiki ya zo. Furera tana da ƙane, Cindo, ɗan kokowa ne a wani ƙauye bayan Urafane. Ƙato ne na gaske, wuyansa kamar turmi, in ya zauna a benci ɗaya gefen sai ya ɗaga. Ya daɗe yana kada maza a dandalin ƙauyuka, amma bai taɓa samun shiga ayarin Maradi ba, ga shekaru sun fara ja. Bayan an kai amfanin gona gida sai aka sa babbar kokowa a Mayahi, aka ce masu zaɓen 'yan ayarin jiha za su zo kallo, kuma duk wanda aka kira sunansa bayan la'asar ba ya cikin fili, an wuce shi. Kowa ya san in Cindo ya rasa wannan, to sai dai ya koma ba jikoki labari.

Malamin da ke yi masa taimako, wani dattijo da ake kira Ɗan Malam, ya wanke masa ƙafafu da rubutu, ya kafa sharaɗi: daga ƙofar ɗakin uwarsa, ƙafar nan ba za ta taka kowace ƙasa ba sai rairayin filin kokowa. In ta taka, aiki ya karye. Sai aka shiga neman motar da za ta ɗauke shi daga bakin ƙofa ta ratsa daji ta dire shi a fili.

"Ana neman mota ina raye?" in ji Mumuni. "Ni za ni kai shi. Ku dai ku shirya guɗa."

Furera ta ce, "Maigida, allurar nan hwa. Ranar sunan ɗiyar Asiya a kan amalanke munka ƙarasa."

"Na sani. Yau za ta san wa ta taɓa."

Da yamma ya shimfiɗa tabarma gindin motar, ya zube ƙarafa, ya naɗe hannun riga. Ya fara da ƙwanƙwasa gilashin allurar da yatsa, shiru. Ya ɗan mare ta, shiru. Ya zage ta, ta yi kamar ba da ita ake ba. Sai ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari ya kama wayoyi yana ja ɗaya bayan ɗaya, har ya haɗa wasu biyu da ba su taɓa gaisawa ba. Oda ta kama kuka ita kaɗai, awakin gida suka tsallake danga, wata tsohuwa a maƙwabta ta fara salati. Da ƙyar ya raba su.

Daga nan ya ɗage shimfiɗar baya ya kwance murfin da ke saman tanki, ya zaro abin da ake kira fulotar. Ɗan hannun ƙarfe ne mai ƙwallo a baki. Ƙwallon ke yawo a saman mai, in mai ya yi sama ya bi shi, in ya yi ƙasa ya bi shi, shi ke gaya wa allura inda za ta tsaya. Mumuni ya girgiza ƙwallon ya ji yana ƙara kamar gora, ashe ya huje ya sha mai ya nutse. A nan kam, tsakani da Allah, ya gano cutar, kuma da a nan ya tsaya ya kai wa masu gareji da ba ka ji wannan labari ba.

"Wala, ga cutar nan!" in ji shi. "Furera, zo ki ga ilimi. Miƙo mani 'yar robar man zahin nan taki."

"Da sauran magani ciki."

"Shahe shi duka a ƙahwa, aikin ƙasa za ta yi."

Ya cire ƙwallon ya ɗaure robar da waya a madadinsa. Da ya zo mayarwa sai ya tsaya yana jujjuya abin a hannu, don ya manta ta wane gefe ya fito. Furera na tsaye a kansa, kuma mutum irin Mumuni ba ya yin shakka a gaban mace. Ya cusa shi yadda ya shiga, wato kansa a ƙasa, ƙafarsa a sama, ya ɗaure. To ka ga inda ƙaddara ta yi masa kwanton ɓauna: a ranar man da ke tankin rabi ne. Rabi kuwa ko ta sama ka auna ko ta ƙasa, rabi ne. Yana murɗa makulli allura ta miƙe ta tsaya tsakiya cak. Mumuni ya yi tsalle ya buga kai da rufin mota, bai ko ji zafi ba. Kafin magariba duk tasha ta ji cewa ya tayar da matacciya.

Da safe ya biya wurin Sirajo, mai sayar da esansi a kwalabe bakin hanya, don ya ƙara mai. Ya bar makulli a kunne don jama'a su ga allura na aiki. Sirajo ya kafa mazurari ya juye kwalba. Allura ta ɗan sunkuya. Ya ƙara wata, ta ƙara sunkuyawa.

"Tsaya!" Mumuni ya daka tsawa. "Mi kake zuba mani?"

"Esansi mana, patoro."

"Esansin da ke rage esansi? Zo ka gani da idonka! Kahin ka taɓa ta tana tsakiya, yanzu ga ta tana neman kwanciya. Ruwan rijiya kake saida ma mutane, ɓarawon zaune!"

Sirajo ya leƙa, ya sosa ƙeya. Shi dai ya san mansa, amma ga allura ta ba da shaida a gaban mutane. "Walla patoro, jiya-jiyan nan anka kawo shi."

"Na sani. Cire mazurarinka. Da can kuna cutar mutane don ba su da ma'auni, yanzu asiri ya tonu."

Ya ja mota ya bar Sirajo riƙe da kwalba yana shinshina ta. Abin da ya rage masa na dogaro shi ne ɗan bido guda, wato jarkar mai, da Furera ta cusa a baya ba da saninsa ba.

Kafin ya isa ƙauyen su Cindo allura ta koma tsakiya har ta ɗan gota. Mumuni ya gyaɗa kai, ya ce injin ya ƙone gurɓataccen man ne ya bar na kirki. Ya ja da baya har bakin ƙofar ɗaki, Cindo ya tako daga tabarma ya faɗa kujerar baya, motar ta yi ƙara ta karkace. Yana sanye da walki, layu da guraye tun daga damtse har ƙugu. Mata suka rangaɗa guɗa. A gaba kuma aka zaunar da Marwa, tsohon makaɗin Cindo, mai ciwon gwiwa, da gangarsa a cinya.

"Yaya," in ji Cindo, "ka tabbata akwai mai? Ka san ba ni sauka."

"Kai dai riƙe layunka. Ƙarhi naka ne, ilimi nawa."

Suka yanki daji suka nufi yamma, hanyar rairayi tsakanin gonakin da aka girbe. Mota na nishi tana haƙa, tana shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas. Allura kuwa sai hawa take. Mumuni ya dube ta, ya goge tabarau, ya sake dubawa. Ya rasa inda zai sa kansa don daɗi.

"Marwa, dubi nan. Da munka taso ina take?"

"Tsakiya."

"Yanzu hwa?"

"Ta haura. Ikon Allah! Ƙaruwa yake?"

"Gyaran da na yi mata ke nan. Ka san nono in ya ji wuta yana tasowa? To haka esansi yake in rana ta buge shi, in dai an san yadda za a ɗaura fulotar. Turawa sun sani, ɓoyewa sunka yi don a riƙa saye."

Marwa bai san fulotar ba, amma ya san inda ake samun goro. Ya gyara ganga ya fara: "Na-Sani mijin Furera, mai motar da ke haihuwa! Kowa na saye kai kana tatsa!" Mumuni ya ji kansa ya yi girman rumbu, ya ƙara taka mota.

Can gaba suka tarar da wani mutum yana tura babur cikin rairayi, gumi ya jiƙe masa riga. Ya ce sunansa Abdussalamu, shi ma kallon kokowa za shi, mai ya yanke masa. Mumuni ya sauko da taƙama ya buɗe baya neman tiyo, sai ya ga bidon Furera.

"Dubi rashin yarda irin na mata," in ji shi. "Ɗauke shi duka, bawan Allah. Mu namu haihuwa yake."

Cindo ya leƙo ta taga. "Yaya, a bar ko rabi mana."

"Na sani, tsoro kake. Marwa, gaya mashi inda allura take."

"Ta kusa kai ƙarshe," in ji Marwa.

Abdussalamu ya juye mai, ya yi godiya har da durƙusawa, ya tayar da babur ya ɓace.

Ba su yi nisa ba allura ta dangane da ƙarshen ma'auni. Nan fa murnar Mumuni ta fara komawa damuwa. In mai ya ci gaba da kumbura haka, ina zai je? Ya tuna nono in ya taso ba a sauke ba, ya hango tanki ya fashe, wuta ta tashi, an ce ya ƙone ƙanen matarsa da layunsa. Ya taka burki.

"Lahiya?" in ji Cindo.

"Ta cika da yawa. Sai an rage mata, kar ta yi amai."

Ya zura tiyo a tanki ya zuƙa, esansi ya cika masa baki, ya tofar yana tari, ya bar sauran na kwarara cikin rairayi. Ya koma ya leƙa allura. Maimakon ta sauko, sai ta ƙara manne wa ƙarshe har tana rawa.

"Subhanallahi! Ina ragewa tana ƙaruwa!"

Ya sake zuƙa, ya sake zubarwa, har tiyo ya fara jan iska yana ƙugi. Ya ce kumfa ce ta taso ta toshe shi. Suka hau suka ci gaba, bakinsa na warin esansi, Marwa ya matsa jikin ƙofa ya fasa kunna sigarin da ya ciro.

Sun hango dogon ƙarfen waya na Mayahi, har iska na kawo musu amon ganguna, sai mota ta yi tari. Ta sake yi, ta shiɗe, ta yi shiru a tsakiyar wani kwari mai rairayi. Allura na nan tsaye a kan cikakke, ko kunya babu.

"Ba dai mai ba," in ji Mumuni tun kafin a tambaye shi. "Kowa ya ga allura."

Ya buɗe kan mota. Ya kwance buji, wato fulogi, ya hura ya goge da riga. Ya lashi kan batir ya ce da wuta. Ya bubbuga nan, ya ja can, ya murɗa makulli, mota ta yi gurnani ta koma barci. Rana ta karkata. Daga nesa aka ji kiran sallar la'asar, bayansa kuma lasifikar fili ta fara gwaji.

Cindo bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Ya dubi ƙafafunsa ya ce a hankali, "Yaya, shekara nawa ina jiran yau. Inna ta saida tunkiyarta don aikin ga."

Maganar ta soki Mumuni, don duk surutunsa yana son yaron. Ya waiga hagu da dama ya ga ba idon 'yan tasha, ya saɗaɗa gona ya karyo karan gero, ya zura a tanki har ya taɓo ƙasa. Ya zaro shi a bushe ƙamas, ko wari bai ɗauko ba.

"Karan ya bushe da yawa," in ji shi, amma muryar ba ta fito da ƙarfi ba.

Ya ciro salula ya kira duk wanda ya sani a Mayahi. Kowa na bakin fili cikin ganguna, ba mai jin ƙara. Hanya kuwa fayau, ko jaki babu, duk mai ƙafa ya riga ya tafi kallo. Ya ce a tura. To wa zai tura? Mutumin da zai iya ɗaga motar da hannu ɗaya yana zaune a ciki an hana shi taka ƙasa, Marwa kuma da gwiwa ɗaya yake aiki. Mumuni ya kafa kafaɗa ya yunƙura har takalminsa ya tsinke, motar ba ta ko san ana yi ba.

Lasifika ta fara kiran sunaye. Marwa ya dubi Cindo, Cindo ya dubi Marwa, sannan su biyu suka juyo suka dubi bayan Mumuni.

"A'a," in ji Mumuni. "A'a hwa. Ni injiniya ne."

"Juyo dai, Yaya. Durƙusa kaɗan."

Abokina, da ka ga wannan tafiya da ka yi kuka don dariya. Cindo ya hau, ya naɗe ƙafafu a cikin Mumuni don kada su ja ƙasa, ya rungume masa wuya. Daga nesa ba ka ganin mai goyon sam, sai ka ce buhun gero ne ya yi ƙafafu. Suna tafe suna tangaɗi, layu na dukan Mumuni a kunne, Marwa na ɗingishi a baya. Makaɗi kuwa ba ya tafiya hannu banza, sai ya saki kiɗa, ya sauya waƙa: "Na-Sani ingarman Cindo, ba ka cin dusa sai esansi!"

"Marwa... in na sauke shi... sai na hwasa gangar nan."

"Yi a hankali, Yaya, kana karkata hagu," in ji Cindo. "Ga rami nan."

"Na... sa..." Numfashi bai kai shi ƙarshe ba.

Suka shigo gari, jama'ar da ke bayan fili suka dare suna ihu. Abdussalamu mai babur na cikinsu yana cin gyaɗa, ya ɗaga hannu ya gaishe su. Daidai lokacin mai lasifika ke cewa, "Cindo na Urafane! Kira na ƙarshe, in babu shi mu wuce!" Mumuni ya tattara abin da ya rage masa a duniya, ya tsallake buhunan da aka kewaye fili da su, gwiwoyinsa suka ce sun gama. Ya zube da baya, ko ta yaya aka yi ya juya oho, Cindo ya dira da ƙafafu biyu a kan rairayin fili, ya faɗo masa a ƙirji. Alƙalin wasa, da hannunsa ya saba, bai san sanda ya busa usur ya ɗaga hannun Cindo ba. Fili ya ɗauka da sowa, mai lasifika ya ce wannan shi ne kaye mafi sauri da aka taɓa yi a Mayahi, a kawo wa wanda aka kayar ruwa.

'Yan cali-cali, masu ba da dariya a filin kokowa, suka ja Mumuni gefe suna yi masa fifita da hula, biyu daga cikinsu har sun fara goya juna suna kwaikwayon tafiyarsa. Yana kwance yana kallon sama ya ji fili ya sake ɗauka, ya kuma sake. Cindo ya shiga da zafin wanda ya kusa rasa komai, duk wanda ya kama sai ƙasa.

Gab da magariba ga Cindo ya zo, jiki duk rairayi, baki har kunne. Ya tsuguna ya kama hannun Mumuni, ga jama'a sun kewaye su.

"Yaya, an ɗauke ni! Maradi za mu! Na kira Ɗan Malam, ya ce sa'a ta kama, kar a canza komi. Yadda anka zo yau, haka za a tahi can. Kai za ka kai ni."

Mumuni ya ji rai ya dawo masa. Ya tashi zaune, ya lalubo tabarau ya mayar goshi, ya dubi jama'a.

"Kun ji ko? Ni za ni kai shi. Gobe-goben nan in juya fulotar, motar ta..."

"Wace mota kuma?" in ji Cindo, yana shafa masa baya kamar mai taya a kasuwar dabbobi. "Wagga dai da ta shigo da ni. Sai dai don Allah, Yaya, in manka ya kusa ƙarewa ka riƙa hwaɗi da baki."